Amsa: idan waya ta ƙi komawa cikin jijiya

Likita, ka tambayi abin yi idan waya, wato siririyar wayar da ake zurawa cikin jijiyar jini don jagorantar kayan aiki, ta ratsa ta cikin bangon toshasshiyar jijiyar jini ta cinya, ta wuce toshewar, amma ta ƙi komawa ainihin hanyar jini. Nan ne amfanin kateta mai allura, wato siririn bututu da allura ke fitowa daga bakinsa ta huda bangon don wayar ta koma hanyar jinin.

Irin wannan kateta mai suna Outback, na kamfanin Cordis, yana shiga ta bututu mai girman 6F (faɗin kusan milimita 2) a kan waya mai kaurin inci 0.014. Tura shi har ya ɗan wuce ƙarshen toshewar. A hoton eksire, juya shi har alamar da ke bakinsa ta fito kamar harafin L tana fuskantar hanyar jinin, sannan ka karkata na'urar hoton digiri 90 ka tabbatar alamar ta koma T. Ja wayar baya, harba allurar, tura wayar ta cikinta. Mayar da allurar kafin ka motsa katetan, in ba haka ba za ta yaga bango. Kauce wa waya mai rufin roba, bakin allura na iya kankare shi.

Yawanci kalsiyam ne ke hana aikin: allura takan zame a kan bango mai tauri. Idan katetan ya ƙi wucewa, fara buɗe hanyar da ƙaramin balan-balan. Kada kuma ka yi nisa da toshewar, za ka rufe rassan jijiyar da ke ciyar da ƙafar.

A jijiyar ƙugu kuwa na fi son wani katetan mai suna Pioneer Plus, domin sikanin da ke bakinsa yana nuna inda allurar ta nufa. Huda a can tana zubar da jini bayan ciki ba a gani, don haka sitent mai rufi, wato bututun raga da ake sawa cikin jijiya don toshe hudar, ya kasance a kusa.