Amsa ga ɗan'uwanmu na Filadelfiya: ƙuri'arka tana da nauyi, in ka jefa ta daidai

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da samun takardar zama ɗan ƙasa, Allah ya sa albarka. Ka ce a Filadelfiya kake, kana tambaya ko ƙuri'arka ɗaya tak za ta canza wani abu a zaɓen shugaban Amurka, kuma ta ina za ka fara.

Da a Kalifoniya ko Oklahoma kake zaune, da an san inda jihar za ta faɗa tun kafin a buga takardun zaɓe. Pennsylvania, jihar da Filadelfiya take ciki, ba haka take ba. Ka ajiye lissafin Najeriya a gefe, inda ake tara ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, a kuma nemi kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. A nan wakilan zaɓe 538 ne ke fitar da shugaba, wanda ya samu 270 ya ci. Jiharku tana da 19, kuma wanda ya zo na ɗaya, ko da ratar ƙuri'a goma ce, shi zai kwashe su duka. Maine da Nebraska ne kaɗai ke raba nasu. A 2016 Trump ya ɗauki jihar da ratar ƙuri'a kimanin 44,000 cikin sama da miliyan 6. A 2020 Biden ya karɓe ta da kimanin 80,000, a 2024 Trump ya sake ɗauka. Shi ya sa ake ce mata jihar raba gardama, shi ya sa kuma wayarka da akwatin wasiƙunka ba za su huta ba daga Satumba har ranar zaɓe.

Ka fara da rajista. Ana so ka cika wata guda da zama ɗan ƙasa kafin ranar zaɓe, ka yi kwana 30 a mazaɓar da kake, ka kai shekara 18. Ana rufe rajista kwana 15 kafin zaɓe, kuma wanda ya makara sai wani jiƙon, don jihar ba ta rajistar ranar zaɓe. In ka tashi daga gida, ka gyara adireshi, saboda adireshin ne ke nuna rumfarka. A zaɓen fidda gwani, sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke zaɓar ɗan takararta. A babban zaɓen Nuwamba kuwa ka zaɓi wanda ka ga dama. Don Allah ka ja kunnen mutanen gida: mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ba ya rajista, ba ya zaɓe, ko da kwamfutar ofishin lasisin tuƙi ta nuna masa shafin rajistar zaɓe. Laifi ne da zai iya hana shi zama ɗan ƙasa, har ya kai ga a kore shi.

Inda ƙuri'un mutane suka fi lalacewa shi ne zaɓe ta gidan waya. Tun 2019 kowa na iya nema ba sai ya kawo uzuri ba, amma takardar neman ta isa ofishin zaɓe na gunduma kafin ƙarfe 5 na yammacin Talatar da ta rage mako guda a yi zaɓe. Za a aiko maka da ambulan biyu. Ka cike ƙuri'a da biro baƙi ko shuɗi, ka sa ta cikin ƙaramin ambulan na sirri, ka manne, kada ka rubuta komai a bayansa. Sannan ka sa shi cikin babban, ka sa hannu, ka rubuta kwanan watan ranar, wata a farko sannan rana, irin na Amurkawa. An sha zuwa kotu kan batun kwanan watan nan, don haka ka rubuta shi ka huta. Wanda ya tsallake ƙaramin ambulan, kotun ƙolin jihar ta yanke tun 2020 cewa ba za a ƙirga ƙuri'arsa ba. Dole kuma ta isa ofis kafin ƙarfe 8 na daren zaɓe. Hatimin gidan waya ba ya ceton wadda ta makara. In kwanaki sun ƙure, ka kai da hannunka, taka kaɗai. Kada ka haɗa da ta uwargida, doka ta hana sai ga mai naƙasa da ya cike takardar wakilci.

In rumfa za ka je, daga 7 na safe ne zuwa 8 na dare, kuma wanda 8 ta yi masa a layi zai yi zaɓe. Tunda karonka na farko ne a rumfar, ka riƙe shaida, lasisin tuƙi ko fasfo na Amurka. Idan ba a ga sunanka ba, kada ka juya, ka nemi ƙuri'ar wucin gadi, za a tantance daga baya. Dattijon da karatun Turanci ke ba shi wuya yana da damar shiga da wanda ya amince da shi, ban da maigidansa na wurin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa.

Sai babbar magana, wato sanin abin da kake zaɓa. Ka buɗe samfurin ƙuri'ar mazaɓarka a shafin ofishin zaɓe tun da saura makonni. Ba shugaban ƙasa kaɗai ke kai ba: akwai ɗan majalisar wakilai, 'yan majalisar jiha, babban lauyan jiha, wani lokaci da sanata. An soke tsarin dangwala wa jam'iyya sau ɗaya, kowace kujera sai ka zaɓa. A 2024 kujerar sanatan jiharku da ratar ƙuri'a kimanin 15,000 aka ci ta, kuma majalisar dattawa ce ke tabbatar da alƙalan kotun ƙoli.

Ka raba alkawuran 'yan takara gida biyu. Akwai abin da shugaba ke yi da alƙalaminsa: a farkon 2020 an dakatar da bizar zama ta dindindin ga 'yan Najeriya da sa hannu ɗaya, a Janairun 2021 aka ɗage da sa hannu ɗaya. Haraji da mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa sai majalisa ta yarda. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa, yadda ya kaɗa ƙuri'a kan kowane ƙuduri yana nan a rubuce, kuma wannan ya fi tallan talabijin gaya maka gaskiyarsa. Masu son ba ƙaramar jam'iyya ƙuri'a don nuna fushi, haƙƙinsu ne, sai dai su yi da lissafi a hannu: a 2016 Jill Stein, 'yar takarar ƙaramar jam'iyyar Green, ta samu kusan 50,000 a jihar, fiye da ratar da ta raba manyan biyu.

Ka yi hattara da abin da ake turowa a WhatsApp. A Oktoban 2024 an yaɗa bidiyon wani yana yayyaga ƙuri'u a gundumar Bucks ta jiharku, hukumomin leƙen asirin Amurka suka ce ƙirƙirarre ne daga Rasha. Ba a zaɓe ta saƙon waya, ba a kuma ɗage ranar zaɓe ta muryar da aka naɗa. Duk saƙon da ya canza maka rumfa ko lokaci, ka kira ofishin zaɓe kafin ka tura wa wani. In kuma sakamako ya yi jinkiri, akwai dalili: dokar jihar ta hana buɗe ƙuri'un gidan waya sai ƙarfe 7 na safiyar zaɓe, shi ya sa a 2020 aka yi zaɓe Talata amma sai Asabar aka san wanda ya ci jihar.