Amsa ga Tambayarka Kan Komik Ɗin da Ya Sha Hannu

Ka tambaye ni abin da ya sa nake sayen tsofaffin littattafan komik, wato na labari cikin zane-zane, waɗanda bangonsu ya yage, takardarsu ta yi ja, sannan ka nemi in ba ka izini ka liƙe wanda ke gabanka da salatef, ka datse gefensa da reza, ka cike inda launi ya goge da biro. Ajiye rezar tukuna, yarona, ka saurara.

Waɗannan littattafai ba a buga su don su daɗe ba. A Amurka, daga ƙarshen shekarun 1930, ana sayar wa yara da su a kan santi 10, kuma a kan takardar jarida mafi arha ake buga su, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace, shi ya sa haske da zafi suke rina ta, asid ɗin da ke cikinta kuma yana cin ta a hankali har ta bushe. Yaro zai naɗe littafin ya cusa a aljihu, ya ba abokinsa aro, daga baya a share shi tare da shara. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma an yi gangamin tattara tsofaffin takardu, inda ɗimbinsu suka salwanta. Saboda haka wanda ya tsira har ya iso hannunmu, yawanci da tabonsa yake isowa. Action Comics na 1, na shekarar 1938, inda Superman ya fara fitowa, an sayar da kwafinsa mai kyau a kan dala miliyan 6 a 2024. Amma wani kwafin da aka tsinta cikin bangon wani tsohon gida a Minnesota, wanda aka cusa shi tare da jaridu don tare sanyi, duk da yagewarsa ya kai dala 175,000 a 2013. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, ta kan yagaggen kwafi kaɗai zai taɓa riƙe irin waɗannan tsofaffin bugu a hannunsa.

Abin da nake so idonka ya koya shi ne, lalacewa ba iri ɗaya ba ce. Akwai tabon karatu, kamar karyewar launi a gadon bayan littafi, da kusurwar da ta lanƙwashe, da sunan da wani yaro ya rubuta da fensir, da kwanan watan da mai sayarwa ya buga a bango ranar da kaya suka iso. Irin wannan ba ya damuna, har ma ina jin daɗinsa, domin yana nuna cewa an karanta littafin an more shi. Akwai kuma rashin cika, wanda shi ne ke karya kuɗi. Kada ka taya littafi sai ka ƙirga shafukansa, ka fara da na tsakiya, domin su ne suka fi saurin ballewa daga fil ɗin da ya ɗinke su. Daga 1974 kamfanin Marvel ya riƙa buga wani ɗan kan sarki a cikin littattafansa, yara suna yankewa da almakashi suna tarawa, don haka za ka ga Incredible Hulk na 181 bangonsa fes, amma a ciki akwai rami mai kusurwa huɗu wanda ya tafi da wani yanki na bayan shafin. Idan kuma ka ga an yanke saman bango inda suna yake, aikin 'yan kasuwa ne, waɗanda a da suke mayar wa dila da sunan kawai a matsayin shaidar kwantai.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce lalacewar da ba ta tsaya ba. Ka sansana littafin. Warin danshi alamar fumfuna ce, kuma tana yaɗuwa zuwa na kusa da shi. Ka duba fil ɗin, in ya yi tsatsa za ka ga jan zobe yana cin takardar da ke kewaye da shi. Ka duba gindin ledar da aka ajiye littafin a ciki, in ka ga ɓurɓushin takarda, to ta bushe, kuma babu mai dawo mata da laushinta.

Game da gyaran da ka nema, salatef yakan yi rawaya bayan wasu shekaru, gam ɗinsa ya jiƙa takardar kamar mai, ledarsa ta ɓamɓare ta bar tabon da ya fi yagewar muni. Abin da reza ta datse ya tafi ke nan. Tawadar biro kuwa takan ratsa ta fito ta cikin bango, kuma fitila irin wadda ake gwada jabun kuɗi da ita takan tona wasu launukan da aka ƙara. Kamfanin CGC, wanda tun shekarar 2000 yake ba littattafai maki daga 0.5 zuwa 10, yana manna wa wanda aka gyara alama mai launin shunayya maimakon shuɗiya, kuma masu saye sukan biya ƙasa da abin da za su biya a kan wanda aka bari da tabonsa.

Wannan na gabanka, wanke hannunka ka busar, ka ƙirga shafukansa, ka rubuta duk aibinsa a wata takarda daban domin mai saye ya gani kafin ya taya. Sa shi a ledar adana takardu tare da kwalin da ba shi da asid, ka tsayar da shi a akwati inda rana da danshi ba sa kaiwa. Idan ka ji warin fumfuna, ware shi daga sauran ka kawo mini.