Tambaya da Amsa: Yaya zan sa sautin kaset ya bi ta wayar haske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina da tsohuwar na'urar kaset da har yanzu nake jin daɗinta, sai dai sabuwar sifikar da na samu ba ta da ramin ja da fari, na wayar haske kawai gare ta. Ina ɗan taɓa haɗa kayan lantarki, shi ne nace ko zan iya jona wayar sautin da ɗan kwan LED ja kai tsaye in tura hasken cikin wayar? In ba zai yiwu ba, dan Allah me zan haɗa?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan, don tunanin naka ba a banza ya zo ba, ramin da ke tura hasken cikin wayar ɗan kwan LED ne ja a ciki mai hasken nanomita 650, na sifikarka kuma karɓar hasken yake yi. Sunansa TOSLINK, kamfanin Toshiba ne ya fito da shi a 1983. Amma jona sauti kai tsaye ba zai yi ba sam. Sifikar ba ruwanta da ƙarfin haske ko rauninsa, kunnawa da kashewa kawai take karantawa, shi ma sai ya zo a tsarin S/PDIF wanda Sony da Philips suka tsara, in ba haka ba shiru za ka ji.

Toh abu uku za ka haɗa a jere. Na farko ayisin (IC, ɗan guntun lantarki mai ƙafafu) da ke mayar da sauti lambobi, ni PCM1808 na Texas Instruments nake ba masu farawa shawara don bai buƙatar a rubuta masa wani furogiram, ƙafafunsa kawai za ka ɗaura sama ko ƙasa, wato kan layin wuta ko kan wayar ƙasa, ya kama aiki, yana ɗaukar hagu da dama ya fitar da bit 24. Volt 5 yake so a ɓangaren sauti, volt 3.3 a ɓangaren dijital. Abin da yake fitarwa sunansa I2S, sifika ba ta gane shi, shi ya sa sai na biyu, ayisin da zai shirya shi ya koma S/PDIF, irin su CS8406 ko WM8804 ko DIT4096. Na uku shi ne kan hasken kansa, misali TOTX173, wannan ba wuya, ka ba shi wuta ka ba shi sigina shikenan.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne agogo, wato bugun lantarki da ayisin ke bi wajen aiki, don yawancin masu haɗa wannan sakit nan suke faɗuwa. Ayisin farko yana auna sautin sau 48,000 a kowace daƙiƙa, kuma bugun da yake bi dole ya ninka wannan sau 256, kaga kenan osileta, wato abin da ke samar da bugun, mai 12.288 MHz za ka nema. In 44,100 irin na faifan CD kake so sai ka sa mai 11.2896 MHz. Kuma agogo ɗaya tal za su sha su biyun, kamar masu daka a turmi ɗaya ne, in kowa na bin nasa bugun taɓare za su yi karo. Ka sa PCM1808 ya zama shi ke ja, wato ƙafafunsa MD0 da MD1 duk a sama, ƙafar FMT a ƙasa, ɗayan kuma ya bi shi. Dalilin da ya sa nake nanata wannan, wayar haske ba ta da wani layi daban na agogo, a cikin siginar ake cusa shi, bit miliyan 3.072 a daƙiƙa, sifikar ce ke zaro shi da kanta, to in bugun na rawa tun daga wajenka sai ka ji ƙas-ƙas ko sautin ya dinga ɗaukewa yana dawowa ka rasa ina matsalar take.

Saboda haka wayoyin agogo su zama gajeru sosai, kar ka haɗa shi a allon gwaji mai ramukan nan da dogayen wayoyi suna reto, kuma kowane ayisi ka manna masa kafasita 0.1 µF dab da ƙafar wutarsa. Ƙafafun PCM1808 ƙanana ne ƙwarai, in hannunka bai saba da irin wannan dalma ba ka nemi wanda aka riga aka ɗora a ɗan fanel, ba abin kunya ba ne.

Sai ƙarfin sautin da ke shiga. PCM1808 volt 3 daga ƙasa zuwa sama kawai yake ɗauka, kaset yawanci bai kaiwa nan, amma na'urar CD na iya fitar da wajen volt 5.6, ranar da za ka jona irinta ka sa razista biyu su rage shi, in ba haka ba sautin zai dinga fashewa.

Abu ɗaya kar ka sa rai, dijital ba zai goge shuuu ɗin kaset ba, yadda ya shiga haka zai fito. Ribar da za ka samu ita ce babu ƙarfe tsakanin na'urorin biyu, don haka gurnanin nan da ke biyo wayar ƙasa ba shi da hanyar wucewa. Wayar hasken dai kar ka lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma kar ta wuce mita 5 zuwa 10.