Hannun firij na danƙo duk da bilic: ga abin da na sani

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kullum sai kin goge hannun firij da bilic amma bai daina danƙo ba, ga wasu ɗigo-ɗigo kamar tsatsa sun fara fitowa a jikinsa, kina tambaya ko ki ƙara masa ƙarfi. Don Allah kar ki ƙara. Tunda kin ce hannun na ƙarfe ne mai sheƙi, ina kyautata zaton bilic ɗin ne ya jawo ɗigon. Cire danƙon kuwa dama can ba aikinsa ba ne.

Maiƙo ne ya taru: na girki, na man shafawa, da gumin hannu, ƙura ta zo ta zauna a kai. Sabulu ne ke ɗaga maiƙo. Shi bilic, kulorin da ke cikinsa yana ƙarewa ne a kan dattin da ya fara cin karo da shi, kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar da ke ƙasa sai ki ga ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka wanki ne farko, kashe ƙwayoyin cuta ya biyo baya. In aka juya su, warin tsafta kawai za a ji a kicin.

Ki samu ruwan ɗumi, ki ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, ki tsoma tsumma mai laushi ki matse shi sosai. Gaban hannun ba shi da wata wahala, kowa na goge shi. Aikin yana baya, can inda yatsu ke lanƙwasawa idan an ja ƙofa, inda ido ba ya gani. Ni yadda nake yi, sai in zura tsumman ta bayan mariƙin, in kama bakinsa biyu in riƙa ja hagu da dama tun daga sama har ƙasa. Ranar farko ki duba launin tsumman, za ki gane inda danƙon ke fitowa. Mahaɗar hannun da ƙofa, da kan kusoshin da suka riƙe shi, tsohon buroshin haƙori ne ke shiga wajen. Masu firij da ba shi da mariƙi sai kwarmi a gefen ƙofa, naku ya ma fi tara datti, ku naɗa tsumma a yatsa ku bi lungun. Bayan nan a bi da ruwa zalla a cire sabulun, a tsane da busasshen ƙyalle.

Sai kashe ƙwayoyin cuta. A kan ƙarfe irin naki na fi son sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Mutane na ɗauka wanda ya haura kashi 90 ya fi, alhali yana saurin bushewa, kuma ɗan ruwan da ke cikin na 70 ɗin yana taimaka masa ya ratsa ƙwayar cutar. Ki zuba a ƙyalle, ba a jikin firij ba, musamman in akwai maɓallai a ƙofar. Wajen ya jiƙe sosai, ki bar shi kamar minti ɗaya ya bushe da kansa. Nan ne akasari ake kuskure: a shafa, nan take a bi da tawul, maganin bai samu lokacin yin komai ba. Kuma ki tabbata wutar girki a kashe take, sifirit na kamawa da wuta. Sanitaiza mai kauri ta hannu kuwa kar ki sa, akwai gilisarin a cikinta, danƙon za ta ƙara miki.

Wadda hannun firij ɗinta na roba ne ko mai fenti tana iya amfani da bilic, amma tsarmamme. In kwalbar ta ce kashi 5 cikin ɗari, mililita 20, wato ƙaramin cokali huɗu, a cikin lita ɗaya ta ruwan sanyi. In kashi 3.5 ce, a sa kamar mililita 30. A bar shi jiƙe aƙalla minti ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan a goge da ruwa. Haɗin ba ya kwana da ƙarfinsa, a yi daidai na ranar. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ba a haɗa bilic da ruwan khal, ko ruwan wanke masai, ko wani abu mai amoniya. Iskar da ke tashi daga haɗin tana illata huhu. Shi khal ɗin ma da ake ta yabo, yana cire tabon ruwa, amma ban yarda in dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta ba.

Mu koma kan ɗigon. Ƙarfe mai sheƙi irin naki, wanda ake cewa ba ya tsatsa, yana da sinadarin kuromiyam a cikinsa, shi ke yi masa wata siririyar kariya a sama, kulorin kuma yana cin wannan kariyar in ya daɗe a kai. Ki dama bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri, ki shafa, ki goge a hankali kina bin layin ƙarfen (in kin matsa kusa za ki ga siraran layuka da suka bi gefe ɗaya). Tsatsar sama za ta fita. Inda ya riga ya yi ɗan rami sai haƙuri, ba ya cikewa. Soson ƙarfe kuwa ko kusa, karce zai bari, datti ya samu sabon maɓoya.

Game da kullum-kullum ɗin nan, ni dai ina ganin ruwa da sabulu sun isa a ranakun da ba wani abu. Magani yana da lokutansa. Na farko, bayan kin taɓa ɗanyen nama, ɗanyar kaza ko ƙwai kin buɗe firij kafin ki wanke hannu, don ta haka ƙwayoyi irin su salmonela ke hawa mariƙin, yaro ya zo ɗaukar ruwa ya kwasa. Na biyu, in wani a gidan yana amai da gudawa. A nan kam zan ce ki koma ga tsarmammen bilic ɗin da na faɗa ko da hannun na ƙarfe ne, domin norobairos, ɗaya daga cikin masu kawo wannan ciwon, ba ya jin sifirit sosai. Ki bar shi minti 5, ki ɗauraye da kyau, ki tsane. 'Yan kwanakin jinya ba za su lalata ƙarfen ba.

Tsumman ma ki ware masa nasa, kar ya zama wanda ake goge katakon yanka nama da shi, kuma a wanke a shanya bayan kowane amfani. In kina da ƙananan yara, ki tsuguna ki duba ƙasan mariƙin da bakin robar ƙofa, daidai tsayinsu, don su ba inda manya ke kamawa suke kamawa ba.