Hukuncin Dabbobi Masu Magana a Labarai da Wasannin Yara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Yarana sun shaƙu da katun da wasannin waya da ake nuna dabbobi suna magana, suna tafiya da ƙafa biyu, sun sa riga da takalmi kamar mutane. Ni ma nakan ba su labarin zaki da dila kafin su yi barci. Sai wata 'yar'uwa ta ce mini wannan duk ƙarya ce ake yi wa Allah, tunda bai halicci dabba tana magana ba, ga kuma haramcin hoto. Wallahi hankalina ya tashi. Shin in hana su gaba ɗaya? Kuma ina da zunubi a kan abin da ya wuce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Sanya magana a bakin dabba domin a ba da labari, ko a buga misali, ko a yi wasa, halal ne a asalinsa, kuma babu zunubi a kanki don kin yi. Hukuncin yana komawa ne ga abin da dabbar ke faɗa da abin da take koya wa yaro. A nan ne nake so ki sa ido, don a nan ɓarnar take idan akwai ta.

Ƙarya ita ce mutum ya ba da labarin da ya saɓa wa gaskiya yana so mai sauraro ya ɗauka haka abin ya faru. To da kika ce wa yaronki wata rana dila ya je fadar zaki ya faɗi gaisuwa, wa kika yaudara? Ke kin san bai faru ba, shi ma ya sani, kuma ya san kin sani. Wannan buga misali ne, kuma Alƙur'ani ya zo da irinsa. A Suratu Sad, aya ta 21 zuwa ta 24, masu husuma sun haura wa Annabi Dawuda (AS) wurin ibadarsa, ɗaya ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99 shi kuwa guda ɗaya tak, kuma yana neman ya ƙwace ta. Malaman tafsiri da yawa sun ce mala'iku ne suka zo a siffar mutane. Mala'ika ba ya kiwon tumaki, ba ya kuma ƙarya. Misali suka buga.

Malamai sun daɗe da sanin irin waɗannan labarai. Tun a ƙarni na 2 bayan Hijira Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna daga tsohon Farisanci zuwa Larabci. Asalin littafin daga Indiya yake, kuma Kalila da Dimna diloli ne biyu a fadar zaki, ɗaya mai haɗa husuma, ɗaya mai yi masa nasiha. Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, da ya tashi kare kansa a gabatarwar littafinsa na adabi mai suna Maƙamat daga masu cewa ya ƙaga labarai, da irin waɗannan hikayoyi na dabbobi ya kafa hujja, ya ce ba a taɓa jin wanda ya ɗora wa masu ruwaito su zunubi ba. A cikin malaman fiƙihu kuwa, Haskafi na mazhabar Hanafiyya ya kawo a Addurrul Mukhtar cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbatar bai faru ba idan manufarsa buga misali ce da wa'azi da koyar da halaye irin su jarumta, a bakin mutane ne ko a bakin dabbobi.

Akwai malaman da suka tsananta a kan duk wani ƙagaggen labari, hujjarsu hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya. Ina girmama tsoronsu. Amma abin da ya rinjaya a wurina shi ne hadisin yana magana a kan mai cewa wane ya yi kaza alhali bai yi ba, ko na ga kaza alhali bai gani ba, jama'a kuma su tashi da shi a matsayin gaskiya. Don haka idan ƙaramin cikinsu ya tambaye ki, Mama da gaske zomo yana magana? Kada ki ce masa e don ki ji daɗin ganin mamakinsa. Ki ce masa labari ne. Yaro ma ba a yi masa ƙarya. Mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya.

Cewar 'yar'uwarki Allah bai halicci dabba tana magana ba, a nan ta yi gaggawa. Tururuwa ta yi magana a Suratun Namli, aya ta 18, ta ce wa 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada Sulaimanu da rundunarsa su tattake su ba su sani ba, har Annabi Sulaimanu (AS) ya yi murmushi saboda maganarta. Alhudahuda ya zo masa daga Saba'u da labarin sarauniyar da ita da mutanenta suke sujada ga rana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin saniyar da mai ita ya hau, ta ce masa ba don wannan aka halicce ta ba, don noma aka halicce ta. Sai dai ki lura da kyau, waɗannan abubuwa ne da suka faru haƙiƙatan, imani da su wajibi ne. Kada ki jera su da labarin dila a zama ɗaya ba tare da kin bambance ba, kada kuma ki ƙara wa alhudahuda ko tururuwa kalma ɗaya da ba ta zo a nassi ba don labarin ya yi armashi. Wannan ita ce ƙaryar da ake tsoro. Ina ganin ta a wasu katun ɗin da ake kira na Musulunci, kuma ta fi damuna a kan zomon da ya sa hula.

Batun hoto kuwa, hadisan da suka yi narkon azaba ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne, ba abin wasa ba ne. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Dardir ya bayyana, abin da ya haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, mai cikakkun gaɓɓai. Zane a kan takarda ko bango bai kai haramun ba a wurinsu, makaruhi ne ko barinsa ya fi, ko da yake wasu mazhabobin sun haramta shi. Kayan wasan yara kuwa an yi musu rangwame da nassi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labulen ma'ajiyar Nana A'isha (RA), sai 'yan tsanarta suka bayyana. A tsakiyarsu ya hango doki mai fikafikai biyu na ƙyalle. Ya ce mene ne wannan? Ta ce doki. Ya ce wannan da ke jikinsa fa? Ta ce fikafikai. Ya ce doki da fikafikai? Ta ce ashe ba ka ji Sulaimanu yana da dawakai masu fikafikai ba? Sai ya yi dariya har turamensa suka bayyana. Dubi wannan, dabba ce a siffar da idonmu bai saba ganinta ba, a cikin ɗakinsa, bai ce a ƙone ta ba, bai ce an canza halittar Allah ba. Da wannan ne malamai da yawa na zamani suka sauƙaƙa a kan zanen da ake yi don yara, mai motsi da maras motsi, kuma shi nake ba ki fatawa da shi.

Yanzu ga inda haramcin yake shigowa. Wasu wasannin suna ɗauko gumakan da aka bauta wa, kamar na tsohuwar Masar, Anubis mai kan dila da Horus mai kan shaho, su mai da su jarumai, yaro ya zaɓi ɗaya ya nemi ƙarfi a wurinsa ko ya kai masa baiko kafin ya wuce mataki na gaba. Wannan a goge shi daga wayar a ranar, ba sai an yi shawara ba. Haka wanda dabbar ke koyar da tsafi, ko take raya matattu, ko take izgili da salla da annabawa. Akwai kuma wani sashe da ba don yara aka yi shi ba sam, inda ake zana dabba da surar mace ana fito da tsiraici. Kan kyanwa ko na dila ba ya halatta kallon batsa, ga babba balle yaro, kuma irin wannan yakan faɗo wa yaro a intanet yana tsakiyar neman katun ɗinsa. Shi ya sa ban yarda a miƙa wa ƙaramin yaro waya a juya masa baya ba.

Abin da iyaye suka fi sakaci da shi, saboda ba ya tsoratarwa, shi ne halin jarumin labarin. Idan kullum mai wayon da ya yi ƙarya ya cuci abokinsa shi ne ke cin nasara ana tafa masa, ko ɗan beyar da ke yi wa ubansa tsawa ana dariya, yaro yana haddacewa. Ba sai kin hana kowane labari mai ɗauke da mugu ba, don Alƙur'ani ma ya ba da labarin Fir'auna da Ƙaruna. Ki duba dai yadda mugun ya ƙare, ki kuma tambayi yaron, kai kana ganin abin da dila ya yi daidai ne? Amsar da zai ba ki za ta nuna miki abin da ya ɗauka.

A wasannin waya akwai ƙarin abu biyu. Na farko caca. Wasu sukan sayar da rufaffen akwati da kuɗin gaske, ba ka san wace dabba ko wane kaya zai fito ba sai ka biya. Wannan biyan kuɗi ne a kan sa'a, kuma haramun ne a fahimtata, saboda garari, wato rashin sanin abin da ake saya, da kamanninsa da cacar da Allah ya hana a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Hatta hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam a shekarar 2018 ta sanya irin waɗannan akwatuna ƙarƙashin dokar caca. Na biyu lokaci. An umarce mu mu sa yara salla tun suna da shekara 7, to wasan da ake kiran salla yaro yana cewa bari in gama wannan matakin ya zarce iyakarsa, ko da babu aibi a cikinsa. A yanka masa lokaci, a kuma tsaya a kai.

Idan yara suka tashi suna kwaikwayon kukan zaki ko tsallen zomo a wasansu, ki bar su, ƙuruciya ce. Abin da Shari'a ta ƙi shi ne baligi mai hankali ya mai da kamanta kansa da dabba ɗabi'arsa, har ya riƙa cewa shi a ransa kyarkeci ne. Allah ya ce ya karrama 'yan Adam a Suratul Isra'i, aya ta 70, kuma ko a cikin salla an hana mu shimfiɗa damatsa a sujada irin shimfiɗawar kare. Idan kin ga wani daga cikinsu ya fara girma yana ɗaukar abin da gaske, ki zauna da shi cikin lalama ki binciki wa yake hira da shi a wayar.

'Yar'uwar da ta yi miki nasiha kuma, ki gode mata, ki karanta mata hadisin dokin Nana A'isha. Allah ya shirya mana zuriya. Allah ne mafi sani.