Zauren Lafiya: Jikina ya ƙi komawa daidai tun korona

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a Azare, jihar Bauchi. Tun aikin korona na 2020 bayana da ƙafafuna ba su daina ciwo ba. In na sauka daga aikin dare sai in kwanta ido biyu, in barci ya ɗauke ni kuma ƙarar waya kaɗan ta tashe ni gabana na faɗuwa. Ga lokacin zazzaɓin Lassa ya sake zuwa, mun koma cikin rigar kariya. Kusan kullum ina shan maganin ciwo na diclofenac da lemon ƙara kuzari. Maigidana ya ce in ajiye aikin, surukata ta ce sammu ne. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Mutanen Azare ba za su manta watan Mayun 2020 ba, lokacin da gawarwaki suka yi yawa a garin, ku kuwa kuna tsakiyar abin.

Kafin komai, kina da zazzaɓi? Bauchi tana sahun gaba wajen Lassa tare da Ondo da Edo, kuma cutar kan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana. Ma'aikaciyar lafiya da ke ciwon jiki da zazzaɓin da maganin maleriya bai kashe ba, gwaji za ta yi ranar nan, don ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, ya fi amfani in an fara shi da wuri. Mu ma'aikatan lafiya ne muka fi kowa cewa "gajiya ce kawai".

In babu zazzaɓi, abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne diclofenac ɗin nan. Yana cin bangon ciki har ya kawo gyambo, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman a jikin da ruwa ya ƙare masa. Ki tuna yadda rigar kariya take a zafin Afrilu: zufa har cikin takalmi, kuma da gangan muke ƙin shan ruwa don kada fitsari ya sa a cire kayan. A kan wannan ƙodar kike zuba maganin. Ki dakatar da shi, ki yi gwajin ƙoda da awon hawan jini. Farasitamol ya fi sauƙi, kada ya wuce giram 4 a rana. Wanda ya miƙo miki tramadol kuwa, ki mayar masa da abinsa.

Ƙarancin barci da kansa yana ƙara wa ciwo zafi, shi ya sa ƙwaya ba ta raba ki da shi ba. Lemon nan, da Nescafe, da goro, sinadarin da ke cikinsu yana kai kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda kika sha da asuba shi ne ya hana ki runtsawa da hantsi. Ki tsayar da shi tun tsakar dare. In kin dawo gida ki ci abu mara nauyi, ki rufe taga da labule mai kauri, ki kashe waya. Nan maigida zai yi amfani: maimakon a ajiye aiki, ya tsare miki awa huɗu zuwa biyar ba sallama, ba girki, ba "ina Mama?"

Faɗuwar gaban nan ba sammu ba ce. Jikin da ya daɗe cikin fargabar kai wa yara cuta gida ba ya sakewa lokaci guda. Ki yi addu'arki, surukarki ma ta taya ki, amma ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin koyarwa na Bauchi yana da sashensu, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Ki kuma samu shugabarku da maganar jadawalin aiki, a rage miki jera darare. In ciwon bayan ya fara sauka ƙafa da dindiris, ko fitsari ya fara kuɓuce miki, ki je a duba ki a ranar, kada ki jira ranar hutunki.