Amsa ga ɗan uwan da ya ce ba mai kallon bidiyon ragunansa

Salamu alaikum. Ɗan uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, don kamar ni ne na rubuta ta. Ka ce wata huɗu kenan kana ɗora bidiyon ragunanka a TikTok da Facebook, mutum talatin ko arba'in ke kallo, su ɗin ma rabi 'yan gidanku ne, kuɗin dusa yana tafiya a data, kana tambaya ko ka haƙura ko akwai wata dabara. Kar ka haƙura. Amma irin bidiyon da kake yi dai kam ka daina, don na leƙa shafinka na gani, irin nawa ne na farko sak.

Ni a wani ƙauye nake gefen Gumel, Maigatari ce kasuwarmu ranar Alhamis, wani lokacin mu leƙa Gujungu ranar Lahadi. Na fara wannan harkar ta bidiyo farkon 2023 lokacin da aka canja kuɗi, ka tuna yadda kara ta koma, ga dabba ga mai saye amma ba takardar kuɗi a hannun kowa, masu POS kuma sun zama sarakai. Ɗan yayana ne ya ce Baffa ka dinga ɗauka kana sawa a waya mana, mutanen birni su gani su turo ta banki. To sai na dinga wanke rago da omo, in ɗaure shi jikin darbejiya, in zagaya shi da waya, yaron ya ɗora waƙa a kai ya rubuta na sayarwa ne. Haka na yi ta yi har Sallah ta wuce ko akuya ban sayar ta waya ba. Wanda ya kira ni mutum ɗaya ne, shi ma tambaya yake wace waƙa ce wannan.

Abin da ya canja min lamari ba da niyya na yi shi ba. Wani malamin firamare maƙocinmu ya sayo rago ya kawo min ya ce in duba masa ko ya kai, don mai shi ya rantse masa shekararsa biyu. Na buɗe bakin ragon ina nuna masa, na ce Malam kalli nan, haƙoran gaba na ƙasa guda takwas ne, in duk ƙanana ne farare to na nono ne bai kaye ba, bai rufa shekara ba ko yanzu yake rufawa. In ka ga manya biyu a tsakiya ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, manya huɗu wajen shekara biyu, shida wajen uku, in duk takwas sun zama manya ya kai huɗu, in kuma sun fara zaizayewa da wawulo to tsoho ne ko da ƙahonsa ya kai ina. Ashe yaron nan yana tsaye yana ɗauka. Ba waƙa, ba a wanke ragon ba, rigata ma duk dusa. Ya sa a sitatus ɗinsa, daga nan wani ya tura wani guruf, kafin sati wayata ta fara ƙara, wani daga Kano wani daga Kaduna, har wata hajiya daga Abuja ta ce shekara da shekaru ana cutarta a ragon layya. Ba wanda ya ce zai saya a lokacin fa, tambaya kawai suke. Amma da watan Sallah na gaba ya kama su ne suka dawo da kuɗi.

Kaga mutumin da yake danna waya ba rago ya fito nema ba, ragon da ka zagaya da waya akwai dubunsa. Abin da yake tsoro shi ne a cuce shi. To kai da ka san dabba ka cire masa wannan tsoron. Nuna masa yadda ake ja fatar ido ta ƙasa a duba, in ja ce jawur lafiya lau, in ta yi fari fat akwai tsutsa tana shan jini. Nuna masa bambancin irin tumaki, Balami da Uda da Yankasa, don wallahi akwai mai digiri biyu da bai san Uda shi ne mai rabin gaba baƙi ko ja rabin baya fari ba. Nuna masa yadda ake taɓa gadon baya da gindin wutsiya a gane nama ne ko kuwa kanwa aka ba shi ya sha ruwa ciki ya cika. Ni bidiyon da na yi kan masu ɗirka wa dabba maganin ƙiba na sha-ka-fashe shi ya fi kowanne tafiya, kuma shi ya jawo min baƙin jini a kara, har yau akwai waɗanda in na yi musu sallama ciki-ciki suke amsawa.

Wanda ya kawo ni kan abin da nake so ka kiyaye, don ni ba wanda ya faɗa min sai da na sha.

Babbar Sallar 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi, to Alhamis ɗin da ta rage saura kwana 10 ina tsaye a kara da raguna shida, rana ta take, kasuwa ta cika maƙil don an buɗe boda 'yan Nijar sun dawo shigowa. Ban ankara ba sai ji na yi an ci kwalata ta baya. Wani bawan Allah ne da manyan kaya, da yara biyu majiya ƙarfi, yana ihu ga shi nan ga ɓarawon, wallahi shi ne, ga fuskarsa a waya. Kafin in ce me ya faru hulata tana ƙasa, wani ya kai min mari ta gefe, mutane sun yi mana zobe. Ka san kasuwa, kalmar ɓarawo kawai ake jira. Ina cewa ku tsaya ku ji, ba mai ji. Mutumin ya ɗaga waya sama yana nuna wa jama'a, ni ne kuwa, muryata ce, Balamina ne fari mai dogon kunne wanda na turke wata bakwai, amma sunan shafin ba nawa ba ne, lambar da aka rubuta a ƙasa ba tawa ba ce. Ashe wani ne ya kwashe bidiyoyina kaf ya buɗe shafi da su, yana karɓar kafin alƙalami a hannun mutane, wannan dubu ɗari wancan dubu ɗari da hamsin, in an tura sai ya toshe mutum. Shi wannan bawan Allah dubu ɗari biyu ya tura, ya ji ina ambaton Maigatari a bidiyo shi ne ya taso tun daga Kano.

Ɗan uwa ina da shekara arba'in da ɗoriya, ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, mahaifina a karar nan ya tsufa kowa ya san shi. Ranar nan aka ja ni a ƙasa gaban yaran da na koya wa riƙe igiya. Surukina yana kasuwar, yana gani. Abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwaro shi ne ɗan yayan nan nawa da ya tsaya yana kuka yana cewa ni na sa shi, ni na sa shi. Allah ya sa dattawan kara suka shigo tsakani aka kai mu rumfar shugabanni, aka kira lambar a gaban kowa wayata tana hannunsu ba ta yi ƙara ba, aka duba sunan da ke kan akawun ɗin da ya tura kuɗin ba nawa ba ne. Mutumin ya ba da haƙuri, har ya so ya ba ni kuɗin riga na ce ya bar shi, shi ma cutarsa aka yi. Amma ragunan nan shida haka na kora su gida, wa zai taya ragon wanda aka kira ɓarawo da rana tsaka. Kwana uku ban fita masallaci ba, maiɗakina ta ce in ban fasa wayar nan ba ita za ta jefa ta rijiya.

Daga baya kuma na gano ta inda aka bi, shi ya fi ciwo. Wani dillali ne da muke cin tuwo kwano ɗaya ran kasuwa, wanda tun farko shi ke min dariya yana cewa ga ɗan fim ya iso, shi ne yake cewa in turo masa bidiyon tun kafin in ɗora wai zai nuna wa wani alhaji. Ni kuma da zuciya ɗaya nake tura masa wankakke ba suna ba komai. Shi yake miƙa wa wani yaronsa a birni. Ban kai shi ko'ina ba, manya suka ce a rufa asiri yana da iyali, to ni ba ni da iyalin ne? Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma yana cikin masu karanta irin wannan rubutun na sani, to ya ji.

Don haka duk bidiyon da za ka yi ka faɗi sunanka da garinku da bakinka a ciki, a farko da tsakiya, ba a ƙarshe kawai ba inda za a yanke. Lambarka a rubuta ta a tsakiyar hoton kan jikin dabbar, manhajar gyaran bidiyo ta CapCut tana yi kyauta, duk yaron da ke shagon caji ya iya. Kuma ka dinga faɗa kana maimaitawa cewa ba ka karɓar ko sisi sai an yi kiran bidiyo an ga rago a tsaye an ga fuskarka. Ni yanzu har cewa nake mutum ya faɗi abin da zan yi, ya ce kama kunnen hagu in kama, don ya tabbatar ba tsohon ɗauka ba ne. Kai ma kuma ka kula ta ɗaya ɓangaren, kar ka ɗora dabba a mota don an turo maka hoton rasit ko saƙon alat, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukuna.

Maganar data da ka yi, gaskiya ne, tun da aka yi ƙarin kashi 50 a farkon 2025 abin ya ƙara tsauri. Ni abin da nake yi, ranar Juma'a da safe bayan na ba su abinci nake ɗaukar guda huɗu ko biyar a jere, wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas, rana tana bayana tana haska dabbar, in ka bari ta take fari ya dinga ƙyalli ba a ganin komai. Kowanne kar ya wuce minti ɗaya, magana ɗaya tak, in haƙori ne haƙori, kar ka haɗa da tsutsa. Kuma kar ka ɓata farkon da doguwar gaisuwa, mu Hausawa sai mun gaida kowa da kowa har mai kallo ya wuce, yi sallama ka buɗe bakin rago kawai. Sai dare in sayi datar dare mai arha in hau kan tudun bayan makaranta inda sabis yake kamawa in ɗora. Iska ce babbar matsala musamman da hunturu, ka samu ɗan makirfon na maƙalawa a riga, in babu ka shiga zaure ko ka juya wa iskar baya. Mutane za su haƙura da hoto mai hazo amma ba sa haƙura da muryar da ba a ji. Wayata Tecno ce tsohuwa gilashin ma a fashe, kar wani ya ce maka sai iPhone.

Af, na ga a bidiyonka na ranar nan akwai wata tunkiya a baya tana majina ga gindinta duk zawo. Ka ware ta yau ɗin nan don Allah, ka kira malamin dabbobi, in PPR ce, wato annobar nan ta tumaki da awaki, za ta share maka garke, kuma rigakafinta ba tsada, ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ce, allura ɗaya tana kai su shekara uku. Duk sabuwar dabbar da ka sayo daga kasuwa ka ɗaure ta gefe sati biyu zuwa uku kafin ka haɗa. Kuma masu saye suna ganin bayan hoto fiye da yadda kake zato, ni an taɓa fasa ciniki da ni saboda an hango kwatami a bayan rago. Maganar magani kuma a bidiyo, ni ba na faɗin a yi allura kaza cc kaza, in nuna alama in ce a nemi likita, don in dabbar wani ta mutu kai za a kama, ni kuma an kama ni sau ɗaya ya isa.

Yawan masu kallo kar ya dame ka sosai. Ina da bidiyon da wani Uda ya tunkuyi ƙanina ya faɗa kwatarniya, dubban mutane suka kalla ana ta dariya, ko ƙwandala bai kawo min ba. Na harawa kuwa, inda na nuna yadda nake saye da kaka tana arha in ɗaure a kan rumfa kar rana ta cinye ganyen, da yadda nake haɗa dusa da kowar wake da ɗan gishiri, bai kai mutum ɗari biyar ba, amma a cikinsu mutum uku suka ba ni kuɗi na turke musu. Duk wanda ya yi tambaya a ƙasa ka amsa masa ko da tambayar banza ce, tambayar ma ita ce bidiyonka na gobe, ni na daina tunanin me zan ɗauka, littafi gare ni na makaranta ina rubuta tambayoyin mutane. Wanda ya kira ka ajiye lambarsa ka ce ya ajiye taka don ya dinga ganin sitatus, can ne cinikin yake, TikTok kawai hanya ce da ke kawo su. Kuma ka fara tun yanzu, kar ka jira saura sati biyu Sallah lokacin kowa ya zama mai rago har masu sayar da atamfa.

Masu dariya kuwa za su yi, a majalisar ƙofar gidanmu har yau ɗan fim ake ce min, har limaminmu ya taɓa kirana gefe ya ce ya ji ana cewa ina rawa a waya, sai da na nuna masa ya gani, ƙarshe ya ce in zo in duba masa tunkiyarsa da ta ƙi cin abinci.

Gobe da safe ka kama wancan jan mai ƙaho ɗin da ke kusa da turmi, ka sa wani ya riƙe maka waya, ka buɗe bakinsa ka yi bayani kamar ƙaninka kake koya wa, ka cire waƙar nan. In ka yi ka turo nan mu gani kafin ka ɗora, da lambarka a jiki fa. Tunkiyar nan kuma ka faɗa mana abin da malamin dabbobin ya ce.